Daga Ɗakin Kaka Ake Fara Tarihi

Yaro ɗan shekara tara bai san tsawon shekara ɗari ba. Ka rubuta masa 999 a allo ka ce shekarar da ake cewa Bagauda ya hau sarautar Kano ke nan, ka rubuta 1903 ka ce shekarar da Turawa suka ci birnin, a wurinsa duka "zamanin da" ne. Zai haddace, ya rera maka, har ya ci jarrabawa. Amma tambaye shi wa ya riga wani zuwa duniya tsakanin Muhammadu Rumfa da Sardauna, sai ya yi zuru yana kallonka.

Mu malaman ma ba da shiri muka shigo ba. Wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar makarantun matakin farko a Najeriya, aka cusa guntayensa cikin darasin soshiyal. Sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, tare da sanar da horar da malamai 3,700. A ƙasa mai dubban makarantu, wannan ɗigo ne. Yawancinmu alli kawai aka miƙa mana aka ce mu shiga aji.

Abin da ya fara yi mini aiki shi ne fitar da yaran filin makaranta. Nakan ja layi a ƙasa in ce nan ne yau, kowane taku ɗaya shekara goma ne. Taku ɗaya, an kai haihuwarsu. Taku shida da ɗoriya, an kai samun 'yancin kai a 1960. Sha biyu, ga Turawa a bakin ganuwa. Daga nan sai tafiya ta miƙa: fiye da taku hamsin kafin a iske Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da sarki ke zaune a ciki har yanzu, ya kafa Kasuwar Kurmi. Kafin a kai Bagauda kuwa an haura taku ɗari, filin ya ƙare, sai mun zagaya bayan azuzuwa. Wanda aka tsayar a wurin Turawa yana jin maganar na wurin yau ba tare da an ɗaga murya ba, na wurin Bagauda kuwa ko ganinsa ba a yi. A nan yaro ke gane cewa mulkin mallaka jiya-jiya ne idan aka auna shi da daɗewar garinsa.

Amma tarihin da ya fi kama su shi ne wanda suka ɗauko daga gida. Nakan ba su aiki: a tambayi mafi tsufa a gida da wane kuɗi ya yi cefane yana yaro. Wata yarinya ta zo da kwabo mai huji a tsakiya, ƙulle a bakin tsumma, kakarta ta ja mata kunne kada ya ɓata. Ya yi baƙi, gefensa ya side, ga tauraro mai tsini shida a bayansa, ga sunan sarkin Ingila a zagaye. Ya bi hannu-hannu har ƙarshen aji, wasu na leƙa ta hujin. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya kawo sunan sarkin wata ƙasa a kuɗinmu?" Da wannan tambayar muka yi darasin mulkin mallaka gaba ɗaya. Muka gangaro kan fam da sule da sisi da taro, kwabo sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda, har zuwa 1973 da naira ta karɓi wurin. Washegari wani ya zo da labarin kakansa da ya yi dako a wurin dalar gyada, sai ga mu a kan jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911.

Akwai tambayar da ba ta taɓa fashi. Da zarar an ba da labarin Bayajidda, yadda ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura ya auri sarauniya Daurama, sai wani ya ce, "Malam, da gaske an yi haka?" Ban yarda malami ya ce "e" don a wuce wurin ba, ban kuma yarda ya yi watsi da labarin a matsayin tatsuniya ba. Nakan ce musu rijiyar tana nan a Daura, ana zuwa ganinta, labarin kuwa baki da baki ya iso mana tsawon ƙarnuka, masana kuma sun sha bamban a kan yadda za a fahimce shi. Sai in tambaye su: me za mu nema idan muna son tabbatarwa? Su da kansu suke kawo amsa, wani ya ce rubutu, wani ya ce a tona ƙasa, wata ta ce a tambayi tsofaffi da yawa a ga ko bakinsu zai zo ɗaya. 'Yan aji huɗu ne fa, amma aikin masanin tarihi suke yi.

Wurin da nake taka-tsantsan shi ne jihadin 1804 da batun bauta. A aji ɗaya akwai ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan wanda iyayensa suka zo daga kudu, kuma kalma ɗaya ta malami na iya zama abin gori a lokacin tara. Ba na ɓoye cewa an yi yaƙi, an kama mutane an sayar. Sai dai ba na barin yaro ya fita da tunanin cewa abokin zamansa ne ya yi wa kakansa. Nakan kuma tsaya sosai a kan Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, da malamai mata da ake kira jaji, waɗanda ta tura ƙauyuka suna karantar da mata. 'Yan matan aji sukan gyara zama idan an zo nan.

Harshe ma matsala ne. Littafin da Turanci yake, yaro yana kokawa da kalmomi kafin ya kai ga labarin. Don haka nakan ba da labarin da Hausa tukuna, a yi muhawara a ƙoshi, sannan mu koma littafi.

Abin da ke ci mini rai shi ne kusancin kayan aikin da kuma wuyar kai yara gare su. Ga Dutsen Dala, ga gidan tarihi na Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata inda har yau ake rini da baba, amma kuɗin mota da yawan ɗalibai sukan hana fita. Ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu tana zaizayewa, wasu wuraren an gina shaguna a kanta. Shi ya sa nake roƙon iyaye, duk wanda hanya ta bi da shi ta wata ƙofa da ɗansa, ya tsaya ya faɗa masa sunanta.

A jarrabawar ƙarshen zango har yanzu ina tambayar shekaru, don manhaja ta buƙaci haka. Amma nakan ware maki mafi tsoka ga tambaya ɗaya: kawo abu guda da wani babba ya gaya maka game da zamanin da, ka faɗi wanda ya gaya maka, da yadda shi ya sani.