Ganye huɗu a kan igiya

Na daɗe ina gaya wa ɗalibai cewa ganye yana da ƙananan ƙofofi da ake kira sitomata. Su rubuta, su haddace, su maido min a jarrabawa. Ni kuwa ban taɓa ganin ƙofar da idona ba. Ran nan wata yarinya ta ce, "Malam, ta wane gefen ganyen suke?" Na ba ta amsar littafi, cewa sun fi yawa a gefen ƙasa, amma abin ya tsaya min a rai.

Sai na tsinko ganye huɗu daga reshe ɗaya. Na farko na shafe shi da basilin sama da ƙasa, na biyu sama kawai, na uku ƙasa kawai, na huɗu na bar shi haka nan. Na auna kowanne a sikeli, na rataye su a igiya.

Karon farko shirme na yi. Ban toshe gindin ganyen ba, wurin da na tsinke, ga shi rana tana dukan gefe ɗaya na igiyar. Sakamakon ya fito ba kai ba gindi. Na sake, na toshe, na mayar da igiyar inuwa. Bayan kwana uku na huɗu ya bushe ƙayau, na biyu ma ya kusa kamo shi, ya yamutse, nauyinsa ya ragu sosai. Na uku kuwa, wanda na toshe wa ƙasa, yana nan shar kamar na farko.

Ganin ƙofofin bai yi wuya ba. Na shafa jan farce mara launi a bayan ganye, da ya bushe na ɗago shi da salatif, na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ga su nan birjik, kowace tsakanin ƙwayoyin halitta biyu masu siffar ƙoda. In sun sha ruwa sun kumbura ƙofa ta buɗe, in sun saki ta rufe.

A nan na gane abin da nake tsallakewa a darasi. Ƙofar da kabon dayoksaid, iskar da tsiro ke haɗa abincinsa da ita, ke shiga, ta nan ruwa ke gudu. Iskar nan kashi 0.04 ce kacal cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu, dole ganye ya daɗe da baki a buɗe, shi ya sa fiye da kashi 90 na ruwan da saiwa ta zuƙo tururi yake zama. Amma wannan asarar ce ke jawo ruwa sama. Na tsoma rassa biyu a ruwan tawada, ɗaya da ganyensa, ɗaya na zage shi tas. Launin ya fi saurin hawa a mai ganyen.

Mu ma ba mu tsira ba. Na sa ɗalibai su hura numfashi a gilashin taga, ya yi raɓa. Oksijin ba ya ratsawa cikin jini sai ya narke a danshi, don haka huhu kullum a jiƙe yake, an kuma ɓoye shi can cikin ƙirji don kada ya bushe. Fara tana da ƙofofi a jere a gefen jikinta, tana buɗewa tana rufewa, iska na bi ta ƙananan bututu har cikin tsoka, jininta ba ruwansa da ɗaukar oksijin.

Da na nuna wa ajin ganyen huɗu, yarinyar nan ta sake ɗaga hannu. "Malam, to bado fa, da bayan ganyensa ke kwance a ruwa?" Nasa ƙofofin a sama suke.