Rezin da zafin Sakkwato

Asabar. Da idar da sallar asuba na baje kayan aiki a ɗakin baya, don a watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40 da rana, epoksi kuwa, wato ruwan roba garau da ake zubawa a mazubi ya daskare, ba ya shiri da zafi. Ruwa biyu ne, rezin da mai daskarar da shi, kuma da an haɗa su suke fara ɗumi da kansu. In zafin gari ya ƙaru a kai, kafin ka gama juyawa ya yi kauri a kofi. Shi ya sa nake kwaɓa kaɗan kaɗan.

Farantin amarya nake yi, ɗiyar ƙanwar Inna, da maƙalan makulli na rabon biki. Epoksin da ke hannuna awo ɗaya da ɗaya ne. Na sa safar hannu, na juya a hankali ina kankare gefen kofi, don duk abin da bai haɗu ba da danƙonsa zai zauna. Hawa-hawa ake zubawa. Hawan farko na ba shi hodar ƙyalli ruwan zinare, a bakin tsinke kawai. Launi in ya yi yawa yana hana daskarewa, kalar da aka dama da ruwa kuma dusashe shi take yi.

Sai jira, kuma nan ne duk aikin yake. Wajen azahar na taɓa gefe da tsinke, ya kama yana ja kamar maɗi. Daidai lokacin kenan. In ka riga shi launuka su cakuɗe, in ka bari ya sandare sai ka goge da samfefa kafin sabon hawa ya kama. Na zuba garau, na kwantar da dagin Arewa da na yanka daga jar fatar akuya, wadda majema suka rina da karan dafi. Tun jiya na shafe ta da rezin, saboda fata tana riƙe iska, ta dinga sakin kumfa. Da jan nan ya zauna kan zinare, wallahi sai da na ji daɗi har raina. Babu hodar kanti da ta kai shi.

Inna ta leƙo. "Ke ɗiyata, wagga fata ba ta ruɓewa ciki?" Na ce, "Inna, in dai ta bushe sarai, ba abin da ke kai gare ta." Ta daɗe tana kallo, ta sa albarka.

Maƙalan da rezin UV na yi su, wanda haske ke daskararwa. An ɗauke wuta, babu halin kunna masa fitila, amma a Sakkwato rana ta wadatar: a inuwa nake zubawa, in fitar tsakar gida, cikin 'yan mintuna ya yi tauri. Halinsa daban ne. Siririn zubi yake so da launi mai barin haske ya ratsa, shi ya sa tawadar sifirit na ɗiga masa, shuɗi da kore. In aka cika masa baƙi, sama ya bushe, ƙasa yana nan ruwa. Rezin foliyesta kuwa, na masu aikin faiba, ba na shigo da shi gida mai yara, warinsa ya yi ƙarfi.

Da la'asar iska ta taso da ƙura, na kife kwali kan farantin. Gobe da asuba zan zuba hawan ƙarshe, in Allah ya kai mu, kuma sai ya kwana ya wuni kafin in cire shi daga mazubi.