Sakin talala ko kotun masu shaye-shaye?

Jama'ar Katsina, yaron da aka kama da tiramol ko kodin, a sake shi talala a ce ya riƙa zuwa sa hannu, wallahi da wuya ya daina. Tsarin yana cikin dokar gyaran hali ta 2019, amma jami'i ɗaya da tulin mutane, wa zai bi har majalisarsu?

A Amurka, an buɗe kotu ta musamman ta masu shaye-shaye a birnin Mayami a 1989. A irin wannan kotu, mai laifi yakan yi wata 12 zuwa 18 yana karɓar magani, yana bayyana gaban alƙali ɗaya duk mako biyu da farko. Ana gwada fitsarinsa sau biyu a mako, ba sanarwa. Nan ne gizo ke saƙar: tiramol kan ɓace daga fitsari cikin 'yan kwanaki, kuma gwajin gama-gari ba ya kama shi, sai an nemi nasa takamaimai. In yaro ya san ranar gwaji, an yi aikin banza.

Wanda ya zame ya koma shan ƙwaya, a tsananta masa nan take, a ƙara magani. Sai dai kotun ta fi amfanar wanda ƙwaya ta riga ta kama. Mai ɗanɗano, haɗa shi da gwanaye ƙara lalata shi ne.