Ashe ta daɗe tana kuka

Talata, ƙarfe goma da rabi na dare. A waya nake rubutu, caji saura kashi 34, kuma babu inda zan ƙara shi sai gobe.

Safiya ta yi kyau. Na tashi na tarar da wuta, na goge wa Auta kayan makaranta na sati guda, na cika tanki, na kammala aikin nan da na yi kwana uku ina jan ƙafa a kansa. Inna ta kwana da sauƙi, kumburin ƙafar ya saɓe. Har Yaya na kira don kawai in gaya masa yau komai na tafiya daidai.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi sai na ji wata ƙara mai nauyi, kamar an jefo ganga daga saman bene. Fanka ta yi juyi biyu zuwa uku ta tsaya. Ɗaukewar wutar da muka saba da ita shiru take zuwa. Wannan kuwa da ƙara ta zo, can kuma wani wari ya biyo iska, warin man da ya ƙone.

Taransifoma ce. Ko da na isa mutane sun riga sun taru daga nesa, hayaƙi na fita ta samanta a hankali, ɗaya daga cikin tangarayen da wayoyi ke shiga ta cikinsu ya tsage gida biyu, baƙin mai ya gangaro ta gefe har kan dakali. Kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Ni dai idona ƙasa ya koma, ga wannan baƙin nason da ke gindin dakalin. Na san shi. Ya kai wata bakwai ina wuce shi safe da yamma. Farkon ganina da shi bai fi tafin hannu ba, daga baya ya yi faɗin tabarma. Sau nawa na ce wa Auta ya kewaye kada ya ɓata takalmi. Kukanta ma ya sauya tun tuni. Da can wani ɗan gurnani take yi a miƙe, wanda in ka saba ba ka ma jinsa, amma kwanakin nan har da karkarwa a ciki, musamman da daddare. Na ji, na wuce.

Ma'aikatan kamfanin wuta sun zo wajen ƙarfe uku, suka cire fis, suka duba, suka ce ta gama aiki. Babu wata a ajiye. Za su rubuta, za mu shiga layi.

Kawu ya zo bayan la'asar kamar kowace Talata. Bai ko zauna ba ya ce in raka shi ya gani. Shekara talatin da wani abu ya yi yana wannan aikin kafin ya yi ritaya, kuma har yanzu in ya tsaya gaban taransifoma hannunsa yake goyawa a baya, kamar mai duba marar lafiya. Ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba. Sannan ya nuna mini wata 'yar kwalba da ke rataye a gefe, cike da ƙwayoyi kamar tsakuwa.

"Kin ga wannan? Ta nan take numfashi. In mai ya yi zafi yana kumbura, in ya huce yana komawa, to dole iska ta shiga ta fita. Aikin ƙwayoyin nan su tsotse laimar da ke cikin iskar. Irin waɗannan shuɗaye ne in suna da rai. Dubi launinsu."

Sun koma ja-ja, wasu ma sun yi baƙi.

Ya sunkuya ya ɗauko wani abu daga cikin tarkacen da ya faɗo, ya sa mini a tafin hannu. Takarda ce, ruwan ƙasa mai duhu. Ina murza ta kaɗan ta marmashe kamar busasshen ganye. Ya ce abin da ke ciki ke nan, wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe da takarda, aka nutsar a cikin mai. Man yana sanyaya ta, kuma shi da takardar ne suke hana wuta tsallakawa daga wannan zagaye zuwa wancan. In mai ya ragu, zafi ya ƙaru. In laima ta shiga, takarda ta fara ruɓewa.

"Akwai lissafin da muke yi," in ji shi. "Duk digiri shida da zafi ya ƙaru a kan ƙa'ida, kwanan takardar nan ya ragu da rabi. Kuma ba ta warkewa. Abin da zafin bara ya ci, ya ci."

Na ce, "Kawu, ni da na ɗauka matsalar ita ce ba a samar da isasshiyar wuta."

"Wannan ma akwai, amma ba ita ta same ku yau ba. Ko da tashoshi sun cika sun batse, ta wace hanya za ta iso ɗakinki? Lokacin da aka dasa wannan, me gidajen nan suke kunnawa? Ƙwan fitila, rediyo, sai fanka ɗaya. Yanzu kowane gida da firji, da injin jan ruwa, da na'urar sanyaya ɗaki, gidajen kuma sun ninka. Kaya ya ƙaru, jakin bai sauya ba."

Nan ne na gaya masa. Ban shirya faɗa ba, fitowa kawai ya yi. Na ce na daɗe ina ganin nason man nan.

Ya juyo ya dube ni. "Tun yaushe?"

"Ya kai wata bakwai."

"Wa kika gaya wa?"

"Babu kowa, Kawu."

Ya yi shiru. Na so ya ce ba komai, ko kuma ya yi mini faɗa, ko wanne zai fi mini sauƙi. Sai da muka kama hanyar gida ya ce, "Ba ke kaɗai kika gani ba, 'yata. Mutum ɗari nawa ke bin hanyar nan kullum? Kuma ba aikinki ba ne, akwai waɗanda ake biya don su zagayo su duba. Da kin faɗa ma ba lallai su zo ba." Ya ɗan tsaya. "Amma da an rubuta a wani wuri."

Na ce masa ai ko an rubuta ba lallai ya yi amfani ba, domin na tuna labarin filin jirgin saman Heathrow na Landan da shi kansa ya turo mini. A daren 20 ga Maris 2025 wata babbar taransifoma ta kama da wuta a tashar rarraba lantarki da ke kusa da filin jirgin saman, washegari aka wuni kusan babu tashi babu sauka, aka soke tafiyar jirage sama da dubu. Da aka yi bincike sai aka gano tun a 2018 gwajin mai ya nuna akwai laima a wuyan da waya ke shiga, aka rubuta, aka yi ta ɗage gyaran. Kusan shekara bakwai takardar na kwance. Landan ke nan, inda ba kuɗi aka rasa ba, ba kuma injiniyoyi ba.

Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce duk inda ya yi aiki, in aka zo rage kasafi, kuɗin kula da kaya ake fara taɓawa, domin in ka ɗage gyara bana babu abin da zai faru bana. Wuta za ta ci gaba da zuwa, wanda ya ɗage ma a yaba masa ya yi tattali. Sabuwar tasha ana yanka mata kyalle, a ɗauki hoto. Wanda ya hau falwaya ya ɗaure kusoshi, ya sauya mai, ya sare reshen da ya kusa taɓa waya, babu mai sanin sunansa, domin in ya yi aikinsa daidai ba a ganin komai. Na lura muryarsa ta sauya da ya zo nan. Ina jin kansa yake nufi da abokan aikinsa, waɗanda da yawansu sun rasu.

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har yanzu. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari cewa nauyin yana kan masu kula da layin. Su suka san ma'anar naso, su suke da kayan gwaji, su ake biya. Amma ni ma na gani, kuma abin da ya dame ni a lokacin shi ne takalmin yaro.

Yaya ya kira da magariba. Da na gaya masa sai ya ce, "Ai na sha gaya miki ki sa sola ki huta." Na san don yana so na ne. Zan sa in Allah ya hore, ko don maganin Inna da ke son sanyi. Sai dai na ce masa asibitin da muke kai ta, da injin da ke turo ruwa, da turakun da ke ɗauke da wannan kiran da muke yi, yawancinsu a kan layi ɗaya suke rataye, ba kowa ne kuma zai iya sayen batir ba. Ita kanta solar, manyan gonakinta da injinan iska sai da layi suke isa ga mutane. Hukumar Makamashi ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa ayyukan sabon makamashi na aƙalla gigawat 3,000 (ma'aunin ƙarfin wuta ke nan) suna zaune suna jiran a haɗa su da layi, kuma kafin 2040 sai an shimfiɗa ko an sabunta wayoyi na kilomita miliyan 80, kwatankwacin duk abin da duniya take da shi a yau. Yaya ya ce adadin ya fi ƙarfin tunaninsa. Nawa ma haka. Ni guda ɗaya nake gani, mai tsagaggen tangaran.

Kawu na gefe yana ji, sai ya karɓi wayar ya shiga yi wa Yaya bayanin da ya saba. Wai layin wuta ba rumbu ba ne da za a zuba a ajiye. Abin da ake samarwa da abin da ake sha dole su zo daidai a kowace daƙiƙa, injina na bugawa tare sau 50 a daƙiƙa, a wasu ƙasashe sau 60, in ɗaya ya faɗi sauran su ɗauki kayansa nan take, in sun kasa su ma su bi shi. Ya tuna masa da ranar 28 ga Afrilu 2025, da Sifaniya da Fotugal suka shiga duhu da tsakar rana cikin 'yan daƙiƙu, jiragen ƙasa suka tsaya cak da fasinjoji a ciki. Ya ce yanzu ko manyan taransifomomi ka yi oda sai ka jira shekara biyu, uku, har huɗu, saboda masana'antun da ke yin irin ƙarfen cikinsu ba su da yawa, kuma duniya duka ta tashi nema lokaci guda. Tamu ƙarama ce, ba za ta kai haka ba. Bai dai ce kwana nawa ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan ya tafi na zauna a duhu na ɓata caji ina sake karanta labarin garin Paradise na Kalifoniya. Ban san me ya kai ni ba. A can ƙugiya ce. Ƙugiyar ƙarfe guda ɗaya da ke riƙe da waya a jikin wani dogon turke, a layin da aka gina tun 1921. Iska na kaɗa ta, tana gogar ƙarfen da take rataye a jiki, shekara da shekaru, har ta cinye. Ranar 8 ga Nuwamba 2018 ta karye, waya ta faɗi, tartsatsi ya kama busasshiyar ciyawa. Mutum 85 suka mutu, garin ya ƙone kusan ƙurmus. Na ga hoton ƙugiyar. Wurin da ya cinye a fili yake, ko yaro aka nuna wa zai gane. Sai na tuna yadda mutane suka tsaya ɗazu suna kallon hayaƙi, da yaran da ke wasan ƙwallo kullum a jikin wannan dakalin, har da nawa. Jikina ya yi sanyi.

Inna ta ce in daina sa abin a rai, tunda babu wanda ya ji ciwo. Alhamdu lillahi, gaskiyarta.

Ƙarfe tara na ɗauki maganinta na kai gidan Yaya, su layinsu daban ne, suna da wuta. A hanyar dawowa na bi ta gaban tasu taransifomar. Na wuce, sai na dawo. Na haska gindinta da fitilar waya. Ƙasar a bushe take, babu naso, amma 'yar kwalbar da ke gefe ƙwayoyinta sun fara ja daga ƙasa, kusan rabi. Na ɗauki hoto, na ɗauki na lambar da ke jikin dakalin, na tura wa Kawu. Ya amsa da cewa in je ofishin kamfanin wuta da kaina gobe da safe, in ba da a rubuce, in karɓi shaidar sun karɓa, kuma in tafi da Yaya tunda shi ne mai mita a layin.

Caji saura kashi 11. Auta na ta juyi saboda zafi, bari in je in yi masa fifita.