Kama da wane ba wane ba ne: yadda dabba da mutum ke koyon rarrabe alamu

Kusan duk wanda ya taɓa zama a ajin ilimin halayyar ɗan Adam ya ji labarin karnukan Ivan Pavlov, masanin ƙasar Rasha wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1904 saboda bincikensa kan yadda ciki ke narkar da abinci. Abin da aka fi maimaitawa shi ne cewa idan aka riƙa jiyar da kare wata ƙara kafin a ba shi abinci, bayan ɗan lokaci ƙarar kaɗai za ta sa yawunsa ya tsinke. Wannan gaskiya ne, amma a ganina rabin labarin ke nan, kuma rabin da aka bari ya fi wanda ake faɗa amfani. Karen da ya saba da ƙara ɗaya ba ita kaɗai yake amsawa ba, domin da farko duk wata ƙara mai kama da ita tana sa shi dalala, wato yana yi musu kuɗin goro. Tambayar da Pavlov da abokan aikinsa suka daɗe a kanta a birnin St. Petersburg ita ce ta wace hanya dabba take fita daga wannan kuɗin goro har ta ware alama ɗaya daga 'yan'uwanta.

Hanyar da hankali zai fara kawowa ita ce a yi ta maimaita alamar da ake so tare da abinci har kare ya haddace ta. Sun gwada hakan, kuma a laccocinsa da aka buga da Turanci a 1927 Pavlov ya bayyana cewa ko da an maimaita sama da sau 1000, karen bai daina amsa alamun da ke kusa da ta asali ba. Abin da ya yi aiki shi ne a riƙa cuɗanya alamar da ke kawo abinci da wata makamanciyarta wadda ba ta kawo komai. Da aka yi haka, nan da nan karen ya fara janye yawunsa daga ta biyun. Wannan shi ne ginshiƙin batun gaba ɗaya: dabba ba ta sanin iyakar abu ta hanyar ganinsa shi kaɗai, sai ta haɗu da abin da ya yi kama da shi amma bai haifar da sakamako iri ɗaya ba.

Gwajin da Jenkins da Harrison suka wallafa a 1960 ya ƙara fito da wannan fili. Sun koya wa tattabaru ƙwanƙwasa wani maɓalli da baki domin samun hatsi yayin da wani sauti mai girgiza 1000 a daƙiƙa yake tashi. Tattabarun da suka yi dukkan horonsu sautin yana tashi babu yankewa, da aka canza shi zuwa mai kauri ko siriri, sai suka ci gaba da ƙwanƙwasawa kusan daidai wa daida, kamar ba su taɓa jin sa ba. Waɗanda kuwa aka nuna musu cewa in sauti ya ɗauke hatsi ma yakan ɗauke, sun fi ƙwazo a kan sautin da suka sani, kuma ƙwazonsu yana raguwa gwargwadon nisan sabon sautin da shi. Kunnuwan rukunin biyu iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne ɗaya ya samu dalilin saurare, ɗayan bai samu ba.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka, kuma labarin da ya nuna iyakar yana ba ni tausayi duk lokacin da na tuna shi. A ɗakin gwajin Pavlov, wata mai bincike mai suna Shenger-Krestovnikova ta riƙa haska wa wani kare siffar da'ira a kan allo tana ba shi abinci, sannan ta haska masa siffa mai kama da ƙwai, wadda tsawonta ya ninka faɗinta, ba tare da abinci ba. Karen ya rarrabe su cikin sauƙi. Daga nan aka riƙa gyara siffar ƙwan sannu a hankali tana matsowa kusa da da'ira, karen yana biye, har aka kai inda tsawonta da faɗinta suke 9 da 8. A nan abin ya tsaya. An yi makonni uku ana gwadawa, amma maimakon ya inganta sai ya lalace, har karen ya kasa rarrabe siffofin da a da ba sa ba shi wahala. Karen da yake tsayawa shiru ya koma kuka da fizge-fizge, yana yayyage kayan gwajin da haƙora, kuma da an nufi ɗakin da shi sai ya kama haushi. Ba a doke shi ba, ba a kuma hana shi abinci baki ɗaya ba. An dai tilasta masa yanke hukunci a kan bambancin da idonsa ba ya iya kamawa. Ina ganin duk mai koyarwa, ko a makaranta ko a wajen sana'a, ya kamata ya san wannan labari, domin yaron da aka ɗora wa bambanci mai wuya kafin ya ƙware a mai sauƙi yakan rasa har abin da ya riga ya iya.

A 1963 Herbert Terrace ya nuna cewa ana iya rage wannan wahala ƙwarai. Ya koya wa tattabaru ƙwanƙwasa jan maɓalli su bar kore, amma tun da wuri ya shigo da koren a dushe, na ɗan taƙaitaccen lokaci, ta yadda tsuntsun ba ya ma kai masa baki, sannan ya riƙa ƙara masa haske da tsawon lokaci kaɗan-kaɗan. Tattabarun sun koyi bambancin da kurakurai 'yan ƙalilan, kuma ba su nuna fusatar da takwarorinsu da aka koya wa ta hanyar da aka saba suka nuna ba. Daga baya an ɗauki wannan dabara zuwa koyar da yara masu wahalar koyo da kuma mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni.

Misalin da ya fi burge ni na amfani da wannan ilimi yana nahiyarmu, kuma gafiya ce tauraruwarsa. Ƙungiyar APOPO, wadda ke aiki tare da Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya, tana horar da wani nau'in gafiya, ɗan'uwan wadda muka sani a ƙasar Hausa, domin gano nakiyoyin da aka binne a ƙasa lokacin yaƙi. Matakin farko irin na Pavlov ne: a danna wani ɗan abu mai ƙara, a ba gafiyar ayaba, har ta san cewa ƙarar tana nufin lada. Sannan a koya mata cewa ƙarar ba ta zuwa sai ta tsaya a kan warin TNT, wato sinadarin fashewa da ake zubawa a cikin nakiya, daga nan a shigo da ramukan da babu komai a cikinsu da waɗanda ke ɗauke da wasu warin daban, a ƙarshe a fita fili inda aka binne abin a ƙasa. Saboda wari take bi, ba ta ɓata lokaci a kan tsofaffin ƙarafa kamar yadda na'urar gano ƙarfe take yi, kuma nauyinta bai kai ya tayar da nakiya ba. Waɗannan gafiyoyi sun yi aiki a Mozambik, wadda aka ayyana ta rabu da sanannun filayen nakiya a 2015, kuma ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, ta samu lambar zinariya a 2020 saboda aikinta a Kambodiya. Da irin wannan horo wasunsu ke shinshinar kakin marasa lafiya suna nuna wanda ke ɗauke da tarin fuka, kafin a tabbatar a ɗakin gwaji.

A wajen ɗan Adam, inda batun ya fi nauyi shi ne tsoro. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma wannan gudun ba wauta ba ce, domin gudun tsumma sau goma ya fi sauƙi a kan tsayawa gaban maciji sau ɗaya. Matsalar tana farawa ne idan kuɗin goron ya ƙi raguwa. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner sun sa wani jariri tsoron farin ɓera ta hanyar buga ƙarfe a bayansa duk lokacin da ya kai wa ɓeran hannu, sai tsoron ya bazu zuwa zomo da kare da riga mai gashi. Gwaji ne da babu kwamitin ɗa'a da zai yarda da shi a yau. A 2010 Shmuel Lissek da abokan aikinsa sun nuna wa mutane zobba masu girma daban-daban, ɗaya kawai aka haɗa da ɗan jan lantarki, suka tarar cewa masu ciwon firgita suna jin tsoron zobban da suka yi nisa da na haɗarin fiye da masu lafiya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mutumin da ya tsira daga harin da aka kai ƙauyensu a kan babura, idan ƙarar babur ɗin ɗan acaba a cikin gari ta sa gabansa ya faɗi, ba raunin imani ko ragwanta ke damunsa ba. Jikinsa ya koyi darasi mai tsanani a dare ɗaya, kuma bai samu damar koyon ɗayan ɓangaren ba, wato cewa akwai ƙarar babur wadda ba ta zuwa da komai. Muddin yana guje wa duk abin da ya yi kama da ranar, ba zai samu wannan damar ba, kuma in aka tura shi ciki da ƙarfi ana iya ƙara masa ciwon. Shi ya sa masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suke farawa da abin da ya fi nisa da asalin haɗarin, a wurin da mutum yake jin yana cikin aminci, kuma da yardarsa, ba sa matsawa mataki na gaba sai bugun zuciyarsa ya lafa a kan wanda yake kai.