Neman sababbin kwastomomi daga gida: wuraren da ake yin tuntuɓe

Ƙannena masu sana'a a gida, ku tuna ba ku da ƙofar shago. Mai shago a bakin titi ko barci yake yi mai wucewa zai ga hajarsa. Ku kuwa duk wanda ya sayi kayanku, ko dai wani ne ya ba shi labari, ko kuma a waya ya gani. Mu da muka riga ku shiga harkar mun ƙona jari a kan hanya ta biyu kafin mu gane cewa ta farkon ce ta fi kawo ciniki, nesa ba kusa ba.

Don haka kafin talla, a fara da littafi. Ku ja layi biyar a shafi: suna, ranar saye, abin da aka saya, inda aka ji labarinku, da ranar da ya kamata ku sake tuntuɓar mai sayen. Layi na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa, alhali tambaya ɗaya ce ke cike shi: "Wa ya turo ka wurina?" Bayan wata uku ku zauna ku ƙirga. Sau da yawa za ku tarar mutane ƙalilan ne ke turo muku mafi yawan baƙin fuska, wata kafar da kuke wahala a kanta kullum kuwa ba ta kawo ko mutum ɗaya ba.

Neman kwastoma ya turo muku wani yana da lokacinsa. Ba ranar da ya biya kuɗi ba, domin bai gwada kayan ba tukuna. Ku bari kwana biyu ko uku, ku tambaye shi yadda ya same su. In da ƙorafi, ku gyara, ku bar maganar turo wani sai gaba. In ya yaba, to a nan ne za ku yi roƙon, amma ban da "don Allah a riƙa tallata ni". Wannan magana ba ta ɗora wa kowa nauyi, za a ce to, a manta. Ku ce: "Ko akwai mutum ɗaya da ka san yana buƙatar irin wannan?" Sannan ku tura masa abin da zai miƙa ba tare da ya yi rubutu ba, wato hoto ɗaya mai kyau, bayani layi biyu, farashi da lambar waya. In za ku ba da tukuici, sai bayan sabon mai sayen ya biya, kuma daga riba za a cire shi, ba daga uwar kuɗi ba.

A ɓangaren waya, WhatsApp Business kyauta ne, amma mutane na amfani da shi a makance. Jerin watsa saƙo, wato hanyar tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, yana ɗaukar lamba 256, sai dai saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarku ba. Haka ma sitatus: awa 24 yake yi, kuma sai waɗanda kuka ajiye lambar juna ne ke ganinsa. Ashe tara lambobin mutane dubu ba komai ba ne in su ba su ajiye taku ba. Duk wanda ya yi tambaya, ko bai saya ba, ku roƙe shi ya ajiye. Kada ku zuba mutane cikin guruf ba da izininsu ba. Wasu za su fice da fushi, wasu su kai ƙara, har a iya rufe lambar da kuka daɗe kuna ginawa. Hoto talatin a sitatus a rana guda kuma korar masu kallo yake yi. Uku zuwa biyar sun isa, a ɗauke su da hasken rana kusa da taga, a goge gilashin kyamara, a kawar da tarkacen da ke baya.

Ku rubuta farashi. Ɓoye shi da sunan "a yi min magana ta ciki" yana korar mai kunya da mai sauri, ya bar muku masu tambaya don jin daɗin baki.

Wanda ya turo saƙo yawanci ba ku kaɗai ya tambaya ba, wanda ya fara ba shi cikakkiyar amsa shi ke cin kasuwar. Tambayoyin kusan ba sa canzawa: nawa ne, wane girma ko launi, yaushe za a gama, yaya za a kawo, yaya za a biya. Ku rubuta amsoshinsu sau ɗaya ku ajiye cikin amsoshin gaggawa na WhatsApp Business, wato wurin adana amsar da za a riƙa turawa ba sai an sake rubutawa ba. Wanda ya tambaya ya yi shiru, a tuna masa sau ɗaya bayan kwana biyu, in bai amsa ba a ƙyale shi. Shafin kasuwanci na Google, wanda ke nuna sana'arku ga masu bincike a Google da taswirarsa, shi ma kyauta ne, yana kuma ba da damar ɓoye adireshin gida a nuna yankin da ake kai kaya kawai. Ba kowane baƙo ne ya kamata ya san ƙofar gidanku ba.

Tallar kuɗi a Facebook ko Instagram ita ce ta ƙarshe a layi. In za ku yi, ku taƙaita ta ga yankin da za ku iya kai kaya, ku gwada hoto biyu na tsawon mako guda, sannan ku raba abin da kuka kashe da adadin waɗanda suka saya, ba waɗanda suka danna alamar so ba. Idan sakamakon ya zarce ribar da kuke samu a kan mai saye ɗaya, ku tsayar da ita. Abin da ya fi wannan arha shi ne haɗa kai da mai wata sana'ar da kuke da masu saye iri ɗaya, kamar tela da mai sayar da yadi, ko mai gyaran waya da mai sayar da caja. Ku yanke la'ada tun farko, a rubuce.

Karya farashi don jawo mutane tarko ne, domin wanda arha ta kawo, arha ce za ta ɗauke shi. In ya zama dole a yi rangwame, a sa masa ranar ƙarewa da adadin kaya, a kuma rubuta ainihin farashin a gefe. Sabon kwastoma ba a buɗe masa da bashi, aikin oda kuma sai da kafin alƙalamin da zai ishi sayen kayan aiki.

Sai abin da ya fi cin mutane: talla ta karɓu, oda ta fi ƙarfin hannu. A karɓi ashirin alhali goma ake iya gamawa a mako, alƙawari ya karye, aiki ya fita da gaggawa, waɗanda aka sha wuya aka samo su tafi da mummunan labari. Ku san adadin da kuke iya gamawa har da lissafin hidimar gida da ɗaukewar wuta, ku ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan kowane alƙawari. In mako ya cika, ku faɗa wa mai oda ranar da za ku iya fara nasa, ku rubuta sunansa a jerin masu jira.