Wata huɗu ina koyon gazal: rawar murya da Talat Mahmood

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Yau wata huɗu cif da na fara koyon gazal, salon waƙar Urdu, ina zama da muryata kullum bayan sallar asuba, minti arba'in, waya a gefe tana fitar da amon tanpura, kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya da ke riƙe wa mai rerawa sautin tushe. Na yi alkawarin zan riƙa faɗa muku inda na kai, to ga na wannan watan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya tun farko shi ne rawar murya. Da na kama Sa, sautin farko a tsanin kiɗan Indiya, na ja shi, kafin daƙiƙa takwas sai muryar ta soma karkarwa. Wata biyu na yi ina matse maƙogwaro don in danne ta, har wata rana na wayi gari murya ta dishe, na yi kwana biyar ban rera komai ba. A kwanakin hutun dolen nan ne na zauna na saurari Talat Mahmood da kunnen ɗalibi.

Mu da muka tashi muna jin waƙoƙin fina-finan Indiya a rediyo, Rafi da Lata da Kishore muka fi riƙewa. Talat tauraronsa ya fi haskawa a shekarun 1950, shi ya sa da yawanmu sunansa ya wuce mu. An haife shi a Lucknow ta Indiya ranar 24 ga Fabrairu 1924, a gidan da ba a ɗauki waƙa sana'ar kirki ba. Duk da haka ya shiga makarantar kiɗa ta Marris College ya koyi waƙar gargajiyar ƙasarsu, kuma a 1939 ya fara rera gazal na marubutan waƙar Urdu Mir da Daagh da Jigar a tashar All India Radio ta garinsu. Kamfanin HMV ya fitar da faifansa na farko a 1941. Ya zauna Kalkata, inda ya yi waƙoƙin Bengali da sunan Tapan Kumar, sannan a 1949 ya koma Bombay.

A Bombay ne abin da ya taɓa ni ya faru. Muryar Talat tana da wata siririyar rawa, kuma an sha gaya masa aibi ce, har ya fara ƙoƙarin ɓoye ta. Anil Biswas, mai tsara kiɗan fim ɗin Arzoo na 1950, shi ya hana shi, ya sa ya rera da muryarsa yadda Allah ya yi ta. Waƙar da ya yi wa jarumi Dilip Kumar a fim ɗin ita ta buɗe masa ƙofa, kuma rawar da ya so binnewa ita ta zama tambarinsa har ya koma ga Mahaliccinsa a 1998.

Da na ji labarin na yi murna, na ce ashe tawa ma baiwa ce. Amma da na ɗauki muryata a waya na jera ta da tasa, sai na ga bambancin a fili. Rawar Talat daidai take tafiya, ba ta sauri ba ta jinkiri, kuma ba ta ture shi daga kan sautin da ya kama. Tun farkon ɗango tana nan, lokacin da ƙirjinsa ke cike da iska. Tawa kuwa sai numfashi ya kusa ƙarewa take zuwa, tana jan sautin ƙasa. Tasa halitta ce da ya horar, tawa ƙarancin iska ce. Ina roƙon duk mai irin matsalata ya yi wannan gwajin kafin ya yanke wa muryarsa hukunci, domin kunne yana yi wa mai shi alfarma lokacin da yake rerawa, waya kuwa ba ta yi.

Don haka na bar maƙogwaro ya huta, na koma kan ciki. Minti goma na farko ina kwance rigingine, littafi a kan cibiya, ina lura da hawansa da saukarsa. Sai in zauna in ja Sa, in ja Pa, sauti na biyar a tsanin, a hankali, da ƙaramar murya. Wannan ma a wurinsa na ɗauka: Talat ba ya ɗaga murya, kusa da makirfo yake rerawa kamar mai yi wa mutum ɗaya magana. Yanzu ina riƙe Sa daƙiƙa goma sha bakwai ba tare da ya zame ba. Akwai 'yar rawa da ta rage ko da iska ta wadata, ita kam na daina yaƙi da ita.

Ɓangaren kalmomi kuma, mu Hausawa muna da sa'a. Ginin gazal ba baƙo ba ne ga wanda ya san rubutacciyar waƙa 'yar ƙwar biyu. Kowane baiti ɗango biyu ne. A baitin buɗewa, wato matla, ɗangogin biyu duk suna ɗauke da amsa-amo, daga nan sai na biyu kaɗai. Bayan amsa-amon akwai kalmar da ake maimaitawa, radif. A baitin ƙarshe mawaƙi kan ambaci sunansa, kamar yadda marubuta waƙoƙinmu suke yi. Ku lura da Talat a gazal ɗin Ghalib, marubucin waƙar Urdu, da ya rera a fim ɗin Mirza Ghalib na 1954: yakan tanadi numfashi don radif, ya sauke shi a natse, ta yadda kowane dawowarsa sai ka ji ma'anar ta ɗan sauya. Ni da can a nan iskata take yankewa, in hadiye kalmar da ta fi kowace muhimmanci.

Furuci yana nan yana ba ni aiki. Ƙaf da gain da kha na Urdu, makarantar allo ta riga ta sauƙaƙa mana su. Masu wuyar su ne haruffan da ake naɗe harshe baya, da masu fitowa da huci. Na daɗe ina sa ɗ ɗinmu a gurbin d mai naɗin harshe, sai wani ɗan Pakistan da muke gaisawa ya nuna mini ba ɗaya ba ne. Haka “phir”, bakina “fir” yake son faɗi, alhali p ce mai huci.

Wata mai zuwa zan fara rerawa a kan dadra, kiɗa mai bugu shida, baiti biyu kacal har sai sun zauna. Hunturu ya shigo, ƙura ta fara kama mini maƙoshi, ruwan ɗumi da zuma kawai nake sha kafin in zauna. Wanda ya san wata dabarar da ta yi masa aiki a irin wannan sanyin, don Allah ya taimaka mini da ita.